HOTON GUDUN JINI: YADDA AKE GANE KO JINI NA ISA ƘODA DA MAHAIFA

 Darasinmu na yau a kan wani irin hoton ciki ne da ake kira Dofla, wanda da shi likita yake ganin yadda jini ke gudu a cikin jijiyoyi. A takardar asibiti za ku ga an rubuta Doppler. Yawancinku kun san sikanin na yau da kullum, wanda ake yi don a ga kwanciyar ɗa, a ƙirga watanni, a san ko ɗaya ne ko tagwaye. Shi wannan aikinsa dabam ne. Yana nuna ko jini na isa inda ya kamata, musamman ƙoda da mahaifa, a lokacin da mace ta yi haɗari, ko jini ya ɓalle mata, ko jijjiga ta kama ta har aka kwantar da ita a ɗakin kulawa ta musamman.

Ga abin da ya sa muka ɗauko wannan darasi. Mai ciki takan faɗi daga kan babur, ta tashi ta kakkaɓe zaninta, ta ce ba komai. A biya da ita kemis a auna hawan jini, a ce lafiya lau. Washegari sai a kawo ta asibiti ɗa ya daina motsi, ko fitsari ya ɗauke. Ba ƙarya ta yi ba, kuma abin awon ma bai yi ƙarya ba. Jiki ne yake ɓoye ɓarnar da ke ciki na tsawon awoyi. In kun fahimci yadda yake yin haka, za ku gane dalilin da ya sa muke matsa muku ku zo da wuri.

Yadda jiki ke raba jini idan ya yi ƙaranci

Duk wanda ya taɓa ganin noman rani a bakin madatsar ruwa ta Zobe ya san abin da mai lambu yake yi idan ruwa ya ja baya. Ba ya barin ɗan abin da ya rage ya watsu ko'ina. Sai ya toshe bakin wannan fangali da wancan, ya karkatar da ruwan zuwa shukar da ya fi ji da ita. Haka jikin mutum yake yi da jini. Zuciya ce injin ban-ruwa, jijiyoyi su ne magudanai. Idan jini ya zuba, jiki yakan matse jijiyoyin fata da na hanji da saifa da ƙoda, domin ƙwaƙwalwa da ita kanta zuciyar su samu. Ga mai ciki kuwa, mahaifa tana cikin waɗanda ake fara rage wa rabo.

Wannan matsewar ita ce take riƙe awon hawan jini a daidai na ɗan lokaci. Abin da ake ɗaura miki a damtse ƙarfin jinin hannu yake faɗa, bai san halin da ƙoda take ciki ba. Kafin awon ya faɗi ƙasa, sau da yawa ƙoda da jariri sun daɗe cikin ƙishirwa.

Me ya sa abin ya fi ruɗarwa ga mai ciki?

Uwargida, tun daga watannin farko jininki yake ƙaruwa. Zuwa ƙarshen ciki yakan ƙaru da kashi 40 zuwa 50 cikin 100. Wannan tanadi ne domin ranar haihuwa, amma yana iya ruɗar mu. Mai tsohon ciki za ta iya zubar da jini lita ɗaya har zuwa ɗaya da rabi, wato kamar ledar fiya wata biyu zuwa uku, tana zaune tana magana, awonta bai canja sosai ba.

A ƙarshen ciki jinin da ke ratsa mahaifa a cikin minti ɗaya ya kai rabin lita ko ya fi, ledar fiya wata guda kenan kowane minti. Da shi jariri yake samun abinci da iska, ta hanyar mabiyiya da igiyar cibiya. Da zarar an rage wannan rabo, shi ne zai fara ji kafin ke. Wannan yawan jinin kuma shi ya sa idan mahaifa ta soma zubarwa, ba a daɗewa mace take galabaita.

Ita ma ƙoda mai shan jini ce. Duk da ƙanƙantarta, wajen kashi ɗaya cikin biyar na jinin da zuciya ke turawa ita yake zuwa, ta tace shi ta fitar da datti a fitsari. In ta yi awoyi ba ta samun isasshe, sai ta tsaya. Idan an gane da wuri takan farfaɗo. Idan aka makara, sai an kai ga wankin ƙoda, wani lokaci na makonni, wani lokaci har iya rayuwa.

Yadda na'urar take aiki

Idan yaro ya leƙa rijiya ya yi ihu, muryarsa takan dawo masa. Na'urar sikanin haka take yi. Ɗan abin da ake gogawa a cikinki yana aika sauti mai tsananin siriri wanda kunne ba ya ji, sautin ya daki gaɓoɓi ya dawo, kwamfuta ta mai da shi hoto a allo.

Shi Dofla ƙari ne a kan haka. Tsaya a bakin titin Kurfi ki saurari mota ta taho tana oda. Tana matsowa ƙarar tana ƙara kaifi, tana wucewa sai ƙarar ta yi ƙasa ta yi kauri. Wani masani ɗan ƙasar Ostiriya, Christian Doppler, shi ya yi bayanin wannan al'amari a 1842, shi ya sa ake kiran hoton da sunansa. Jini ma tafiya yake yi, saboda haka sautin da ya dake shi yakan dawo a canje. Daga wannan canjin na'ura take gane inda jinin ya dosa da kuma saurinsa. A Japan aka fara amfani da dabarar a jikin mutum cikin shekarun 1950. A 1977 kuma likitoci biyu a birnin Dublin na ƙasar Ayalan suka ba da rahoton auna gudun jinin cibiyar jariri yana cikin mahaifa.

A allo za ki ga ja da shuɗi. Kada ki tsorata da shuɗin. Ja yana nufin jinin da ya nufo na'urar, shuɗi kuma wanda yake nisantarta. Za ki kuma ji ƙara, fuu-fuu, fuu-fuu, da wani zane mai hawa da sauka kamar kunyoyin gona. Tudun shi ne lokacin da zuciya ta tura jini. Kwarin shi ne lokacin da ta huta. A gaɓa mai lafiya kamar ƙoda ko mabiyiya, ko zuciya ta huta jini ba ya tsayawa, yana ci gaba da silala. Idan jijiyoyi sun matse, sai kwarin ya yi zurfi. Wannan kwarin shi likita ya fi zuba wa ido.

Abin da ake dubawa idan an kawo wadda ta ji rauni

Raunin da muka fi gani ga masu ciki daga yankin Dutsin-Ma da Kurfi shi ne na haɗarin babur da mota, faɗuwa da kaya a ka, tunkuyin dabba, duka, da kuma harbi saboda matsalar tsaro. Duk wanda ya faru, uwa ake fara ceto. Ba a yi watsi da ɗa ba, ai maganinsa na farko shi ne uwarsa ta samu jini da iska. Bayan an tabbatar tana numfashi, an sa ƙarin ruwa, an ɗebi jini don gwaji, sai a jawo na'ura bakin gado a duba waɗannan:

1. Jinin da ya taru a ciki. Ana leƙa wurare huɗu: gefen hanta, gefen saifa, mara, da kewayen zuciya. Cikin 'yan mintoci ake gamawa. In an ga jini kuma jikinta na sanyi, tiyata ba ta jira.

2. Babbar jijiyar da ke mai da jini zuciya. In ta lanƙwashe kamar tiyon da ba ruwa, alama ce jini ya yi ƙaranci. In ta cika ta yi tam, sai a yi hattara da ƙarin ruwa, don kada ya taru a huhu.

3. Jijiyoyin cikin ƙoda. Na'ura tana kwatanta tudu da kwari ta ba da lamba. Ga mai lafiya lambar takan kasance wajen 0.6. In ta haura 0.7, likita zai yi zargin jijiyoyin sun matse. A 2011 wasu likitoci a Italiya suka nuna cewa a cikin waɗanda suka ji munanan raunuka amma awon hawan jininsu yana daidai, masu lambar da ta haura 0.7 su ne suka fi faɗawa cikin galabaita ta zubar jini a cikin awa 24.

4. Jariri. Ana duba bugun zuciyarsa, wanda ya kamata ya kasance tsakanin 110 da 160 a minti, da yawan ruwan da yake ciki, da mazaunin mabiyiya, da gudun jinin cibiya idan likita ya ga da buƙata.

A ɗakin kulawa ta musamman

Wannan ɗaki ne mutane suke kira gobe da nisa. Sunan ya sa wasu dangi da zarar an ambace shi sai su yanke ƙauna, har su nemi tafiya da maras lafiya gida. Ku sani ana kai mace can ne domin a sa mata ido dare da rana, kuma da yawa suna fitowa su koma ɗakinsu su goya 'ya'yansu. Ba masu haɗari kaɗai ake kaiwa ba. Wadda jini ya ɓalle wa bayan haihuwa, wadda mahaifarta ta fashe saboda doguwar naƙuda, da mai jijjiga, duk hanya ɗaya ƙodarsu take shiga haɗari.

Amfanin hoton a nan shi ne ba sai an ɗaga majinyaciya an kai ta wani wuri ba, kuma ana iya maimaitawa. Za ku ga an yi da safe, an ƙara mata jini, an sake yi da yamma. Maimaitawar ba ta nufin abu ya lalace. Ana so ne a ga ko jinin da aka ƙara ya isa ƙodar.

Za ku kuma ga robar fitsari da jaka a gefen gado, nas tana aunawa tana rubutawa kowace awa. Muna so mu ga aƙalla mililita 30 a awa, kamar cokali biyu na cin abinci. Don Allah mai jinya kada ta zubar da fitsarin da sunan tsafta kafin a auna. Gwajin jini na ƙoda yakan ɗauki kwana ɗaya ko biyu kafin ya nuna ɓarna, shi ya sa fitsarin da hoton suke da daraja a awoyin farko.

Dofla a wurin awon ciki

Ba sai an yi haɗari ake wannan hoto ba. Igiyar cibiya tana da jijiyoyi uku: ɗaya tana kai wa jariri jini mai abinci, biyu suna mai da shi mabiyiya. Idan mabiyiya ta gaji, kamar yadda yakan faru ga mai hawan jini, hoton yakan nuna ɗaya daga cikin matakai uku. Na farko, jinin lokacin hutun zuciya ya ragu. Na biyu, ya tsaya cik. Na uku, ya juya baya, kuma wannan shi ne mafi haɗari. A mataki na biyu da na uku likita zai iya kwantar da ke, ya yi miki allurar ƙarfafa huhun jariri, ya yanke shawarar a ciro shi kafin lokaci. Bakwainin da aka ciro da rai ya fi wanda aka bari ya cika wata tara bai zo da rai ba.

A 2017 an tattara binciken da aka yi a kan mata sama da 10,000 masu ciki mai haɗari, aka ga amfani da Dofla na cibiya ya rage mutuwar jarirai da kusan kashi uku cikin goma. Waɗanda aka fi yi wa su ne:

1. Mai hawan jini, wato awon 140 bisa 90 ko sama.
2. Wadda cikinta bai kai girman watanninsa ba.
3. Wadda ta taɓa haihuwar ɗa ba rai, ko ta taɓa jijjiga.
4. Mai tagwaye.
5. Mai sikila, ko ciwon suga, ko ciwon ƙoda.
6. Wadda motsin ɗanta ya ragu.

In ba ki cikin waɗannan, ba lallai ne a yi miki ba. Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2016 ga kowace mai ciki shi ne zuwa awo sau takwas, da sikanin guda ɗaya kafin mako na 24. Kada ki kashe kuɗinki a shagon hoto kina neman Dofla ba da umarnin likita ba.

Abin da hoton ba ya iya yi

Babban haɗari ga jariri bayan uwa ta bugu shi ne mabiyiya ta ɓanɓare daga jikin mahaifa. Jinin yakan taru a bayanta, wani lokaci ko ɗigo ba ya fitowa waje. Sikanin yakan kasa ganin wannan a fiye da rabin lokuta. Saboda haka ko hoto ya yi kyau, in ciki ya wuce wata biyar za mu riƙe ki aƙalla awa 4 zuwa 6 muna sauraron zuciyar ɗa, muna taɓa cikin ko yana tauri. In akwai ciwo, ko jini, ko alamun naƙuda, sai kin yi awa 24. Maigida, ka yi haƙuri da wannan zaman. Kada ka ce tunda hoto ya fito lafiya a sallame ku ku kama mota kafin magariba.

Lambar ƙoda ita ma ba ita kaɗai ake bi ba. Shekaru, tsohon hawan jini da rashin daidaiton bugun zuciya duk suna canja ta. Likita yana haɗa ta ne da fitsari, da gwajin jini, da abin da idonsa ya gani. Kuma ba kowane asibiti ne yake da na'urar ko mai iya karanta ta ba. Wannan na daga cikin dalilan da ke sa a tura ku gaba.

Tambayoyin da kuke yawan yi mana

Yana cutar da jariri? Sauti ne, babu hasken da ake amfani da shi a hoton ƙashi. An shafe shekaru masu yawa ana yi wa masu ciki, kuma a hannun wanda ya iya ba a san shi da illa ba. Duk da haka ba a yin sa don nishaɗi, musamman a watanni ukun farko.

Da zafi? Babu, sai sanyin man da ake shafawa. In akwai rauni a wurin ki faɗa.

Zan buɗe jikina? Ciki da gefen haƙarƙari kawai ake buɗewa, sauran a rufe. Kina da damar neman ma'aikaciya mace ta tsaya tare da ke.

Jinin da za a ƙara mata daga ina? Daga gare ku, dangi. Hoto yana nuna ƙoda na neman jini, amma ba ya samar da shi. Tun ciki yana ƙarami a san rukunin jininta, a kuma yi magana da maza biyu ko uku masu lafiya waɗanda za su bayar.

Abin yi tun daga gida

Mu ɗauka abin ya faru a Tamawa ko wani ƙauye makamancinsa. Ga matakan:

1. Kada a jira ganin jini. Duk mai cikin da ta bugu a ciki, ko ta faɗi daga abin hawa, a kai ta asibiti a ranar.

2. A kwantar da ita a gefen hagu. Daga wata biyar, kwanciyar rigingine tana sa nauyin mahaifa ya danne babbar jijiya, jini ya ƙara raguwa. In ana zargin karayar wuya ko baya, kada a murɗa ta. A ɗora ta a kan allon katako, a tokare gefen dama na katakon ya ɗan karkata hagu.

3. In jini na zuba daga rauni, a danne da tsumma mai tsabta. A lulluɓe ta kada sanyi ya kama ta.

4. Kada a ba ta abinci ko jiƙo, don mai yiwuwa a yi tiyata. Kada a yi wa cikin tausa ko gashi. In akwai karaya, asibiti ne farko kafin maɗori.

5. Kada a saya mata Diclofenac ko Ibuprofen a kemis. Suna ƙara rage jinin da ke shiga ƙoda.

6. A nufi babban asibiti mafi kusa, na Kurfi ko na Dutsin-Ma. In sun rubuta takarda zuwa Katsina, Asibitin Koyarwa na Tarayya ko Asibitin Mata da Yara na Turai 'Yar'aduwa, a wuce kai tsaye, kada a koma gida neman shawara. Wanda zai sa hannu a takardar tiyata ya biyo motar, tare da masu ba da jini.

7. A taho da katin awo. A faɗa wa likita lokacin da abin ya faru, lokacin da ta yi fitsari na ƙarshe, da lokacin da ta ji motsin ɗa na ƙarshe. In jininta negatif ne a faɗa, domin akwai allurar da ake yi cikin awa 72.

Ko an sallame ki, ki dawo nan take in kin ga jini ko ruwa na fita, ciki ya yi tauri da ciwo, motsin ɗa ya ragu, jiri, gumi mai sanyi, matsanancin ciwon kai, gani dishi-dishi, ko kin wuni ba ki yi fitsari ba.

Riga-kafi ya fi magani. A mota ki ɗaura bel, na ƙasa ya bi ƙarƙashin ciki a kan ƙugu, na sama ya ratsa tsakanin nonuwa. In babu makawa sai babur, kada a yi goyon uku, kuma ki ce wa mai babur ya tafi sannu. Maigida ya ware kuɗin mota da na jini tun ciki yana wata uku, ya kuma ajiye lambar direban da zai amsa kira ko da tsakar dare.

Wadda ta taɓa kwanciya saboda zubar jini ko jijjiga kada ta yar da takardar sallama. Ta dawo ranar da aka ba ta a sake auna hawan jini da ƙoda, kuma in ta sake samun ciki ta fara awo da wuri, ta nuna wa ungozoma takardar. Mai tambaya a kan wannan darasi ta same mu ranar awo.

Allah Ya raba ku lafiya, Ya raya abin da za a haifa.